Maganinmu Ɗaya da Umma

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

An ba Umma gado. Ɗakin mata, hawa na biyu, kusa da taga. Tana barci yanzu, ledar ƙarin ruwa na ɗiga mata a hannu, ni kuma ina kan kujerar roba ina rubutu a kan cinyata.

Ranar Juma'a na gane. Na sunkuya zan ɗiga wa kekenta mai, sai na ga tabo a kan abin takawa, baƙi-baƙi, ya bushe. Na ce, "Umma, me ya sami ƙafarki?" Ta ce ba komai, allura ta taka. Na ce yaushe? Ta ce tun kafin a kawo mana aikin kayan 'yan makaranta. Wannan aikin ya fi wata guda a shagonmu. Kullum muna ɗaki ɗaya, tana ɗinki ina yanka da guga, ƙafarta na ƙarƙashin tebur cikin safa, ban sani ba. Ta ce ita ma ba ta ji shigarta ba, sai da ta ga jini a takalmi. Ciwon sugan da take fama da shi sama da shekara goma ya kashe mata jin tafin ƙafa.

Da na cire safar na ga abin da na gani. Ba zan rubuta shi ba.

Talata, 5, bayan azahar

Ta farka da ƙarfinta. Ta juya rigar asibitin da suka sa mata, ta duba ɗinkin gefe, ta ja tsaki. "Tilo, dubi wannan. Wanda ya ɗinka rigar nan da ƙafa ya riƙe almakashi." Tsohuwar da ke gadon kusa ta yi dariya har ta sarƙe da tari. Ta tambayi Umma ko Tilo sunana ne na yanka. Umma ta ce a'a, ni kaɗai Allah ya ba ta, shi ya sa.

An wanke wurin sau biyu yau. Ina fita baranda idan sun zo da kwanon ƙarfe.

Gobe ni ma ina da ganin likita a ƙasa, ɓangaren mata. Tun watan jiya aka ɗebi jinina aka yi min hoton ciki. Umma ba ta sani ba. Na ce mata zan leƙa shago.

Laraba, 6, da la'asar

Likitar mace ce, siririya, mai saurin magana. Ta juyo min da hoton, ta nuna min wasu ƙananan ƙulli da suka jeru a gefen jakar ƙwaina ta dama da ta hagu. Ta ce ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya a hanya, shi ya sa al'adata take wata uku, wata huɗu ba ta zo ba. Sannan ta ce in sauke mayafi. Ta taɓa bayan wuyana inda ya yi baƙi, ta dubi haɓata da na aske da safe.

Ta ce, "Duk abu ɗaya ne. Jikinki yana yin insulin, sinadarin da ke sarrafa suga a jini, har ya wuce kima. Naman jikin ne ya daina saurarensa, sai jikin ya riƙa ƙaro wani. Wannan yawan shi ke rikita ƙwan, shi ke fito miki da gashi, shi ke baƙanta wuyan, shi kuma ke riƙe ƙibar."

Na ce, "Likita, ciwon suga ne ke nan?"

Ta ce, "Bai kai ba tukuna. Amma hanyar can ta nufa idan aka bar ta."

Na so in ce mata na san inda hanyar ta nufa, daga can na sauko yanzu. Ta rubuta min ƙwaya, ta ce in rage zaƙi da farin biredi da shinkafa, in riƙa tafiya a ƙasa kullum har in yi gumi. Ta ce ko kaɗan na rage, jikin zai ji. Na tambaye ta zancen haihuwa. Ta ce mu fara gyara wannan, da yawa suna samu daga baya.

Da aka miƙo min maganin a taga, na gane kwalin tun kafin ya iso hannuna. Shi nake ɓallo wa Umma safe da yamma. Na tura shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin tef ɗin awo.

Alhamis, 7, da safe

Na sha ƙwayar. Bakina kamar na tsotsi makulli.

Juma'a, 8, bayan la'asar

Goggo ta zo dubiya, ƙanwar marigayi Baba. Ta shigo da lemun kwalba guda biyu da biskit, wai don masu jinya. Ta gaida Umma sama-sama, ta juyo kaina.

"Ke kuma kullum sai ƙara faɗi kike. Kujerar nan za ta ɗauke ki kuwa? Shekara huɗu da aure, ko ɓatan wata. Kitse ne ya rufe hanya, na sha gaya miki. Akwai wani shayi da 'yar maƙwabciyata ta sha, cikin wata ɗaya sai da aka rage mata kaya."

Umma ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "In an rage mata a kawo mana, mu muke gyara."

Goggo ta yi dariyar yaƙe. Da ta tafi na kai kwalaben wa nas-nas. Biskit ɗin kuma na cinye shi a bayi, a tsaye, duka, ban ma ji daɗinsa ba.

Ban yi tafiyar ba.

Asabar, 9, da magariba

Cikina na ta juyawa saboda ƙwayar. Sau huɗu na sauka bayi. Tsohuwar gadon kusa ta lura, ta kashe min ido ta ce ko an samu ne? Na ce a'a, Iya, ruwan asibiti ne bai karɓe ni ba. Umma ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya fuska wajen taga.

Har yanzu jinin al'adar bai zo ba. Wata na uku.

Litinin, 11, da hantsi

Babban likita ya zo da ayarinsa. Ya sa aka kwance bandejin, ya danna nan, ya danna can, yana tambayarta ko tana ji. Tana cewa a'a. Ya ƙara hawa sama. A'a. Ya ƙara. Sai wajen ƙauri ta ce e. Ya zaro biro ya yi ɗan layi a kan fatarta, ya ce a bar shi kada a wanke, za su gani ko jan zai wuce shi.

Umma ta ce, "Likita, layinka bai miƙe ba. Ka ba 'yata, ita ce mai alli a shagonmu."

Duk suka yi dariya. Shi ma ya yi. A baranda kuma ya kira ni gefe ya tambaya ko akwai namiji babba a gidan da za a yi magana da shi. Na ce ni ce babban, ni ce ƙaramin. Ya yi maganar yanke ƙafar. Na ce zan yi tunani, kamar wani abu ne da tunanina zai canja.

Talata, 12, da yamma, a gida

Na dawo in yi wanka in ɗauko mata wasu kaya. Na buɗe kabad zan haɗa shayi, babu gwangwanin suga. Babu madara mai zaƙi, babu biredi. Maigidana ya kwashe komai ya kai wa maƙwabta. Yana tsakar gida ya kwantar da firjin wani yana gyara, hannunsa duk baƙin mai.

Na ce, "Wa ya ce ka taɓa min kaya?"

Ya ce, "Ke kika gaya min abin da likita ta ce. Na ga idan ba ya gidan zai fi miki sauƙi."

Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce masa ni ba firji ba ce da zai buɗe bayana ya cire abin da ya lalace. Na ce idan ƙibata ta dame shi ya faɗa kai tsaye kamar Goggo. Na ce abubuwa da yawa. Ya tsaya da sukurdireba a hannu yana kallona har na gaji na zauna a bakin ƙofa.

Sai can ya ce, "Ni ban taɓa cewa komai ba a kan jikinki, ko a kan ɗa. Tsoro nake ji. Na ga ƙafar Umma ranar da muka kai ta."

Na sha shayin haka, ba suga. Ɗaci kamar magani.

Laraba, 13, da safe

Jan ya wuce layin.

Alhamis, 14, bayan azahar

Yau ta gani. Ta ce in ba ta tef ɗin awo, tana so ta auna tsohuwar gadon kusa ta ɗinka mata rigar kirki idan an sallame su. Na miƙa mata jakar ba tunani. Ta laluba, ta fito da kwalin. Ta ɗaga shi kusa da idonta, ta karanta yadda take karanta nata, da siffa, ba da harafi ba.

"Nawa yana wurin nas. Wannan na waye?"

Na ce nawa ne.

"Tun yaushe?"

Na gaya mata komai, da hoton, da ƙulle-ƙullen, da abin da ke hana al'ada, da cewa bai kai ciwon suga ba tukuna. Na yi ta nanata wannan tukunan. Tana saurare, kwalin na kan ƙirjinta. Da na gama ta ce in matso in juya mata baya. Ta sauke mayafina ta ɗora tafinta a wuyana, wurin baƙin. Hannunta zafi zau.

Ta ce, "Kin tuna ina dirza miki nan da soso har ya yi jini? Kina 'yar shekara goma sha uku. Ina ce miki ƙazama."

Na ce na manta. Ban manta ba.

Ta ce, "Ni ma haka uwata ta yi min. Nawa wuyan ma haka yake, kin sani. Haɓar nan tawa kuma tun ina budurwa nake tsige ta a ɓoye. Shekara tara na yi a gidan babanki kafin ki zo. Babu inda ba a kai ni ba. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce ci ne ya yi min yawa. Babu wanda ya taɓa ce min abu ɗaya ne, ko yana da suna." Ta sauke hannunta daga wuyana. "Ashe ni na ba ki. Ga shago, ga keke, ga wannan."

Na ce, "Umma, ba ke kika zaɓa ba."

Ta ce, "Na sani. Amma dai daga hannuna ya fito."

Ta mayar da kwalin cikin jaka da kanta, a sama, inda ake gani. Ta ce kada in ƙara ɓoye shi kamar kayan sata. Sannan ta ce in kira babban likitan, ta yarda a yi.

Juma'a, 15, da hantsi

Na sa hannu. Kawu, ƙanen Umma, ya zo daga baya ya ce me ya sa ba a jira shi ba. Na ba shi kujerata.

Asabar, 16, da yamma

Sun shiga da ita da safe, sun fito da ita bayan azahar. Ina tsaye a bakin ƙofar tiyata duk tsawon lokacin, maigidan na gefena riƙe da takalmanta a leda, don nas ta miƙo mana su da za a shiga. Da aka turo gadon na dubi fuskarta kawai. Na yi ƙoƙari in tsaya a fuskar. Amma idona ya gangara da kansa, ya ga inda zanen gadon ya kwanta shafal a gefen dama, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Maigidan ya ce me zai yi da ledar. Na ce ban sani ba. Ya tafi da ita gida.

Na sha ƙwayar. Ban yi tafiyar ba.

Lahadi, 17

Ba ta magana sosai. Ruwa kawai.

Litinin, 18, da la'asar

Ta ce in sosa mata babban yatsa, yana mata ƙaiƙayi. Na kama na hagu. Ta ce ba shi ba, ɗayan. Na tsaya. Tsohuwar gadon kusa ta yi min alama da kai, sai na sa hannu a kan katifa, wurin da ya kamata ya kasance, na riƙa sosa zanen gado. Umma ta lumshe ido ta ce yauwa, nan.

Nas ta ce haka ake yi, akan daɗe ana jin ƙafar.

Talata, 19, da safe, a shago

Na buɗe shago karo na farko. Ƙura ta kwanta a kan tebur. Wandon 'yan makaranta na nan a ƙarƙashin allurar kekenta, rabin ɗinki, zaren bai yanke ba. Na zauna a kujerarta, na ɗora ƙafata, na ƙarasa shi. Ɗinkina bai kai nata ba, ana ganin inda ta tsaya da inda na ɗauka.

Mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo ya yi min sannu. Ya ce akwai ƙaramin inji da ake ɗaura wa irin wannan keken, a haɗa da wuta, ba sai an taka da ƙarfi ba, ƙafa ɗaya ma ta isa, ko gwiwa. Ya ce maigidana zai iya ɗaurawa cikin yini guda. Na ji wani sanyi a raina, na farko tun da muka shiga asibiti.

Wata mata ta zo karɓar rigarta. Ban gama ba. Ta yi ta faɗa, ta ce mu teloli duk halinmu ɗaya. Na ba ta haƙuri, ban gaya mata dalili ba. Da za ta fita ta dube ni ta ce, "Wata nawa ne? Allah ya sauke ki lafiya." Na ce amin. Ya fi sauƙi.

Daga shago na taka da ƙafa har asibiti. Cinyoyina sun goge, bayana ya jiƙe sharkaf, na tsaya hutawa a gaban kantin magani da kuma gindin gadar sama. Amma na isa.

Laraba, 20, bayan azahar

Na gaya mata zancen injin. Ta ce ita ba ta yarda da keken wuta ba, gudu yake kamar an biyo shi, ba ya jiran mutum ya yi tunani. Bayan ɗan lokaci kuma ta ce, "Wane launi ne?" Na ce ban tambaya ba. Ta ce in dai za a ɗaura, kada ya zama ja.

Ta ci ƙwai ɗaya da rabin kifi. Ta sa na ci sauran a gabanta, ta hana ni biredin. Ta tambaye ni ko na sha ƙwayata. Da nas ta kawo nata maganin ta ce, "Ni an ɗaga min matsayi, allura ake min yanzu. Ke ce ƙaramar ma'aikaciya."

Na gaya mata da ƙafa na zo. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce gobe ma haka.

Alhamis, 21, da yamma

Da ƙafa na zo. Ta zauna a kujera mai taya, na tura ta har ƙarshen baranda ta ga titi. Ta ƙirga min riguna uku a cikin masu wucewa da aka saka wa hannu a karkace.

An sallami tsohuwar gadon kusa. Sun riƙe hannun juna sun daɗe. Umma ta ce ta zo shago ta karɓi rigarta, ta riƙe awonta a ka.

Asabar, 23, da safe

Zazzaɓi tun jiya. Sun ce wurin ɗinkin ne ya ɗan yi ruwa.

Lahadi, 24, da la'asar

Ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado ba ta cika kamar da. Ban san ina kallonta ba sai da na ga nas ma ita take kallo. Fuskar Umma ta kumbura, zoben hannunta ya nutse, sai da aka sa sabulu aka cire. Yana yatsana yanzu, ƙaramin, don a nan kawai ya shiga.

Sun ambaci ƙoda. Sun ce sugan ya daɗe yana cin ta a hankali, wannan ciwon ne ya ƙarasa tona shi.

Goggo ta zo. Ba ta ce komai a kan jikina ba. Ta zauna tana ja wa Umma carbi, ta gyara mata filo sau biyu. Na fi son lokacin da take zagina.

Litinin, 25

An mayar da ita wani ɗaki a hawa na uku. Ba a barin mai jinya ya zauna. Ana leƙawa ta gilashi.

Talata, 26, da hantsi

Sun bar ni na shiga na ɗan lokaci, da riga da hula irin tasu. Ta gane ni. Ta ce, "Wa ya ɗinka miki wannan?" Na ce su ne. Ta motsa baki kamar za ta yi tsaki, ƙarfin bai kai ba.

Ta ce, "Tilo, idan kika samu mace, ki duba wuyanta da wuri. Kada ki sa soso. Ki kai ta wurin likitarki."

Na ce, "Ke za ki duba, Umma, idonki ya fi nawa."

Ta ce, "To."

Daga nan ta koma kiran sunayen yadi, tana cewa a kawo mata alli, a matsar da fitila. Nas ta taɓa kafaɗata.

Na manta ban sha ƙwayar ba. Na sha da yamma.

Laraba, 27

Na'ura tana wanke mata jini. Maigidan ya sayo injin keken, yana cikin kwalinsa a bayan ƙofa. Baƙi ne.

Alhamis, 28, da asuba

Sun kira waya.

Ban san ranar ba, da rana

Gidan cike yake da masu ta'aziyya. An fitar da kujeru, an shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa, takalma sun taru kamar a kasuwa. Kowa ya shigo sai ya kama hannuna ya faɗi abu ɗaya, ni ma in mayar da abu ɗaya. Matan layinmu sun karɓe kicin. Wata ta tambaye ni ina muke ajiye suga, za ta haɗa wa baƙi shayi. Na ce babu. Ta dubi 'yar'uwarta. Aka aika aka sayo.

Ana ta turo min faranti, wai in ci ko kaɗan ne, jiki ba ya tsayuwa haka. Farar shinkafa, biredi, lemu. Na ji wata daga bayana tana cewa a hankali, ai wannan ko ta yi wata ba ta ci ba ba za a gane ba.

Tsohuwar gadon kusa ta zo, jikarta na riƙe da ita. Ta je shago ne ta tarar a rufe, mai gyaran waya ya gaya mata. Ta zauna kusa da ni, sai shafa bayana take yi. A wurinta kawai na iya yin kukan.

Wata rana, da safe

Jinin ya zo. Bayan wata huɗu, yau ya ga dama. Na tsaya a bayi ina kallo, na ɗauko waya zan kira Umma in gaya mata maganin ya fara aiki.

Lahadi, da yamma

Mutane sun ragu. Goggo da Kawu sun buɗe akwatin Umma suna rabon kaya. Goggo ta ware riguna huɗu ta ce nawa ne, babu wanda za su yi wa sai ni, jikinmu ɗaya. Na gwada guda bayan sun tafi. Ta zauna min kamar a jikina aka auna, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, ko'ina. Na tsaya gaban madubi, na ga wuyan, na ga haɓar da ban taɓa ba tun ranar da aka kira waya. Na cire rigar da sauri.

Maigidan ya ce mu fita mu ɗan taka. Na ce ba na so. Ya sa takalminsa ya tsaya a bakin ƙofa har na ji kunya na tashi. Mun bi ta bayan makaranta, muka zaga filin ƙwallo, muka dawo ta wajen masu wankin mota. Yana rage saurinsa idan ya ji numfashina ya yi sama, yana yi kamar igiyar takalminsa yake dubawa.

Laraba, 11 ga sabon wata, bayan azahar

Ranar komawata ce wurin likita. Ban so shiga ginin ba. Na bi ta ƙofar baya don kada in ga matakalar, maigidan ya zauna a benci a waje.

Likitata ta tafi hutu. Wani saurayi ne a kujerarta, sabo, fayil sun taru a gabansa, mutane kuma cike da layi. An auna ni, na ragu kaɗan. Ya ce madalla, a ci gaba. Ya tambayi al'ada, na ce ta zo. Ya ce madalla. Ya tambaya ko cikina ya saba da ƙwayar, na ce ya fara sabawa. Yana rubutu, bai ɗago ba.

"Akwai mai ciwon suga a gidanku?"

Na ce, "Mahaifiyata."

"Tana shan magani?"

Na dubi zoben da ke ƙaramin yatsana. Na ce, "Ta daina."

Sai a lokacin ya ɗago, ransa a ɗan ɓace. Ya ajiye biro ya ce wannan shi ne abin da ke ba su wahala da iyayenmu, da sun ji sauƙi sai su ajiye magani. Ya ce ciwon nan ba ya son wasa, yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda, wasu har ƙafa suke rasawa. Ya ce ni da na fara ganewa, nauyi ne a kaina in zaunar da ita in yi mata bayani da kyau, cikin ladabi, in kuma riƙa duba mata tafin ƙafa kowace rana. Yaron kirki ne, da zuciya ɗaya yake faɗa.

Ya ce, "Kin ji ko? Ki ce mata likita ya ce ta koma shan maganinta yau ɗin nan."

Na ce, "To, likita. Zan gaya mata."